Hanyar Gwanja tana jiran ƙafafunmu

  

Sharhinmu na yau zai tashi ne daga tsakiyar teku, inda yawancinmu ba mu taɓa sa ƙafa ba. Ku yi haƙuri da ni, ba za mu daɗe a can ba, gida za mu dawo.

A tekun Bahar Rum akwai wani tsibiri na ƙasar Sifaniya da ake kira Minorka. Wata tsohuwar hanya ta kewaye shi kaf, tana bin bakin ruwa, tsawonta kilomita 185. Mutanen wurin suna ce mata hanyar dawakai, domin a da mahaya ne ke sintiri a kanta, suna tsaron gaɓa kada abokan gaba su sauko daga jiragen ruwa. Da zamani ya juya aka daina sintirin, masu gonaki suka ja katanga suka datse ta nan da can, ciyawa ta cinye abin da ya rage. Sai 'yan tsibirin suka ce ba su yarda ba. Tun wajen 1996 suka riƙa fita ƙungiya-ƙungiya suna taka ta da ƙafa, suna cewa hanyar kakanninsu ce, har majalisar yankin ta kafa doka a 2000 ta mayar da ita ta kowa da kowa. A 2010 aka buɗe ta gaba ɗaya, an raba ta zango 20. Yanzu mutum yakan goya jakarsa, ya sa teku a hannun damansa, ya yi ta tafiya mako guda ko fiye, yana kwana ƙauye-ƙauye, har ya dawo daidai inda ya tashi.

A can gabas kuma, a tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, wata 'yar jarida mai suna Suh Myung-suk ce ta je Sifaniya ta yi doguwar tafiyar ƙasa, ta dawo gida ta ce ai tsibirinsu ma yana da abin da za a taka a gani. A 2007 aka buɗe zangon farko. Yau hanyar ta haura kilomita 400, ta zagaye tsibirin, alamarta kuwa 'yan ƙyallaye ne shuɗi da ruwan lemo da ake ɗaurawa a rassan itatuwa. Sunan da suka sa mata, Olle, a harshensu yana nufin ɗan lungun da ke fitowa daga ƙofar gida zuwa titi.

Na san wani yana zaune a shagonsa yanzu yana cewa, Malam, ina ruwan mutumin Zugu da tsibiri? Da gaskiyarsa. Tsakaninmu da Kwatano akwai kimanin kilomita 460. Gaɓar tekun ƙasar nan tamu ta Benin duka-duka ba ta fi kilomita 125 ba, kuma ba mu da tsibiri a cikin teku. Tsibirin da sunansa ya fi zama a kunnenmu shi ne Lete na cikin kogin Kwara, wanda muka yi shari'a da Nijar a kansa, kotun duniya ta ba Nijar a 2005. To amma ku cire ruwan gishirin, ku duba abin da ya rage a labarin Minorka da Jeju. Akwai hanyar da aka gada. Akwai wurin sauka a ƙarshen kowace rana. Akwai wanda ya san hanya yana gaba, akwai mai masauki yana jira, akwai labarin da ake ba baƙo da dare. Kusan kowane ɗaya daga cikinsu muna da sunansa a bakinmu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu: turba, zango, jagaba, fatoma. Garin nan da muke ciki, wanda takardun gwamnati ke rubutawa Djougou, fatake kuma suka san shi da Zugu, tafiyar ƙasa ce ta gina shi.

Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Abin da ke Gwanja kowa ya sani, goro ne. Ba a nan yake fitowa ba, daga kurmin Asante ake kawo shi kasuwar Salga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yau, can fataken Hausa suke zuwa su same shi. Ayari yakan tashi daga Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara a wajen Yawuri ko Busa ko Illo, ya shigo ƙasar Bargu, ya bi ta Nikki. Wasu su biyo ta Paraku, har su sauka a Zugu. Daga nan hanya ta rabu: akwai mai yin arewa maso yamma zuwa Sansanin Mango ta gangara Yendi, akwai mai bi ta Semere da Alejo ta shiga ƙasar Kotokoli. Dukansu Salga suka nufa. Zuwa da dawowa yakan ci rabin shekara, wani lokacin shekara cur.

Kada ku ɗauka 'yan mutane ne goma da jakuna biyar. A 1826 Baturen Ingila Kilafatin ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama, cikin Bargu, suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta su da mutum fiye da 1,000, maza da mata, da dabbobin kaya kwatankwacin haka. Gari ne guda yake tafiya. Kuma gari ba ya tafiya babu tsari. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke yanke ranar tashi bayan an yi addu'a, shi ke zama da sarakunan hanya a daidaita kuɗin fito da na wucewa, shi ke raba gardama in ta tashi. Jagaba yana gaba, ya san kowace mararraba, ya san rafin da ba ya ƙafewa da rani, ya san dajin da ba a kwana a cikinsa. Uban dawaki yana tara abin da kowa zai biya. Malami yana jan salla, yana riƙe lissafi. Mata suna ɗauke da kaya a ka, in an sauka kuma su ne masu hura wuta. Ana tashi tun duhun asuba, kafin rana ta take tsaka an yada zango, a sauke wa jakuna waga, a kai su ruwa, a kewaye sansani.

Abin da ya fi burge ni a cikin sana'ar nan shi ne yadda ake rainon goron kansa. Goro ba ya son zafi, ba ya son iska ta buge shi. A cikin ɗanyen ganye ake naɗe shi a ɗaure huhu, bayan 'yan kwanaki kuma sai an kwance, a bi shi ɗaya-ɗaya, a tsince wanda sankara ta taɓa kada ya ɓata 'yan'uwansa, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ɗaure. Haka za a yi ta yi wata da watanni, a ƙarƙashin inuwar kuka ko tsamiya, har a isa Kano da shi jajir ko fari tas, yana ƙaras a baki. Duk ƙwaryar goron da aka raba a ɗaurin aure ko suna a ƙasar Hausa a wancan zamani, hannun wani bafatake ya juya ta sau da yawa a hanya, kuma mai yiwuwa ɗaya daga cikin juyin nan a bayan ganuwar Zugu aka yi shi. A tafiyar zuwa kuwa turkuɗin Kura suke ɗaukowa, da riguna, da kanwar Barno, da jar fata, da gabu, da dawaki.

Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a fataucin nan. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, Ba'agale ne, kuma goron Gwanja na cikin tushen dukiyarsa. Ba dukiya kaɗai ke bin hanyar ba. Alhaji Umaru na Salga, malamin da aka haifa a Kano wajen 1858 ya rasu a Kete-Karaci a 1934, ɗan gidan fatake ne, ilminsa ma hanyar goro ya bi ya isa Gana. Littattafai sun bi ta, allo ya bi ta, aure ya bi ta. Shi ya sa za ka tarar da unguwa mai suna Zongo a Zugu, ka tarar da ita a Paraku, ka tarar da ita a Kumasi. Shi ya sa a Zugu sarauta take unguwar Kilir, ciniki yake unguwar Wangara, aka kuma naɗa Baparape ya tsaya tsakanin baƙi Musulmi da masu ƙasa. Shi ya sa Dandanci ya zama harshen kasuwa a garin da Yowa da Lokpa da Fulani da Hausawa suke zaune tare. Wanda ya shiga kasuwar Arzeke ta Paraku, kunnensa ba zai rasa jin kalmar arziki a cikin sunanta ba.

Mutuwar hanyar ba ta ɗauki dogon lokaci ba. Ingila ta ci Kumasi da yaƙi a 1874, Salga ta fara rauni, yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwarta. A 1897 Faransa da Jamus suka zauna suka raba ƙasa, Zugu ta faɗa hannun Faransa, Sansanin Mango ta faɗa hannun Jamus, hanya ɗaya ta zama ta ratsa yankunan mulkin mallaka huɗu, kowanne da kwastansa. Sai jirgin ruwa ya fara kwasar goro daga gaɓar Gana zuwa Ikko, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911. Abin da jaki ke kaiwa a wata uku, ƙarfe ya kai shi a 'yan kwanaki. Ban ga laifin kowa ba a nan. Ɗantata da kansa yana cikin waɗanda suka fara bin ta ruwa, kuma duk ɗan kasuwar kirki haka zai yi.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, domin in na tsallake shi na ci amanar makirfon nan. Ba goro da kanwa kaɗai aka yi fatauci da su a hanyar nan ba, har da 'yan Adam. Salga kasuwar bayi ce babba, Zugu ma an sayar da mutane a cikinta. Ku je Taneka Beri da Taneka Koko, a ƙasar Kopargo, kimanin kilomita 20 arewa da nan, ku ga yadda aka manna ƙananan ɗakuna masu jinka a jikin dutse, a inda mahayin doki ba zai iya hawa da gudu ba. Mutanen nan gudun masu farautar bayi ne ya kai su can. Duk ranar da muka tashi ba 'ya'yanmu labarin hanyar Gwanja, dole a ba su shi da bakin madugu, a kuma ba su shi da bakin mutumin Taneka. A Wida, a bakin teku, an gyara hanyar bayi mai kimanin kilomita 4, an gina Ƙofar Rashin Dawowa a 1995, baƙi daga Amurka da Barazil suna takawa suna hawaye. Da yawa daga cikin waɗanda aka kai gaɓar nan daga arewa aka koro su. Rabin labarin yana wurinmu, kuma ba mu faɗe shi ba.

Wani hunturu da ya wuce na ɗaura takalmi bayan sallar asuba, ni da wasu samari biyu na unguwarmu, muka nufi Taneka da ƙafa. Mota takan yi tafiyar nan kafin ka gama shan shayi, na kuma bi ta a mota ba adadi. Amma ran nan ne na fara ganinta. Na ga inda kaɗanya da ɗorawa suke ƙarewa gonakin kashu su karɓa. Na ga kunyoyin doya an jera su kamar an auna da igiya. Wata baiwar Allah Bafulatana ta tsayar da mu ta ba mu ruwa a ƙwarya, muka sayi cukun wagashi a hannunta, ta tambaye mu ko motarmu ce ta lalace, domin ba ta ga dalilin da zai sa masu riga mai tsabta su yi tafiyar ƙasa ba. Tambayar nan ta tsaya mini a rai. Mun kai matsayin da tafiya da ƙafa ta zama alamar talauci ko masifa, a garin da ƙafa ta gina. Yaro zai tsaya rabin sa'a a bakin titi yana jiran zem, wato ɗan acaɓa, don ya je inda zai isa a minti goma. A wani ƙauye kuma wani dattijo ya ja mu ya nuna mana gindin wata kuka, ya ce kakansa ya gaya masa nan ayari ke sauka. Na dubi bakinsa, haƙoran sun zube, na dubi jikokinsa da ke kewaye da mu, babu wanda ya taɓa jin maganar sai ran nan. Da la'asar muka hau dutsen, ƙafafuna sun yi bororo, muka tsaya muna kallon ƙasar Donga shimfiɗe. A duwatsun nan ne kogin Weme yake tasowa, ya yi tafiyar kilomita 500 da 'yan kai kafin ya kai ruwansa tafkin Nokuwe da teku. Wanda ke son gaɓar teku, to ga mafarinta nan a bayan gidanmu.

Abin da nake kira gare shi ba ya bukatar miliyoyi. Mutanen Jeju da ƙyalle suka fara. Aikin farko na kunne ne: ɗaliban Jami'ar Paraku da malaman tarihi na makarantun sakandarenmu su bi tsofaffi da wayar hannu, su naɗi abin da suka sani, wace rijiya, wane mashigi, wace kuka, wane gida ne na fatoma. Wannan shi ne mai gaggawa, domin titi yana iya jira, tsoho ba ya jira. Bayan haka a zaɓi gajeren zango guda a gwada. Zugu zuwa Taneka, a kwana, a dawo. In ya yi kyau a buɗe ta Semere da Alejo, inda dutsen Sokbaro yake, mai tsayin mita 658, wanda ake lissafa shi mafi tsawo a ƙasar nan. Sai daga baya a yi maganar babbar, Paraku zuwa Zugu, kimanin kilomita 130, a ƙetare Weme a Beteru, kwana 6 ga mai tafiya sannu. A yi ta a Disamba ko Janairu, lokacin da iska ke da sanyi, a tashi da asuba a sauka kafin azahar kamar yadda masu ita suke yi. Kada kowa ya gwada ta a bazarar Maris da Afrilu.

Ribar kuwa ƙauye za ta shiga kai tsaye. Mai tafiya a mota yana wuce ƙauye ya bar masa ƙura. Mai tafiya da ƙafa dole ya ci sakwara a wurin, ya sha fura, ya sayi wasa-wasa, ya biya ɗakin kwana, ya ɗauki ɗan gari ya yi masa jagora. Kowa ya san yadda samarin Zugu suke kwarara waje, wasu Nijeriya, wasu Aljeriya da Libiya, wasu har Turai, wasu kuma ba a sake jin ɗuriyarsu. Ba na cewa hanyar ƙafa za ta tsayar da su duka, ƙarya ce in na faɗi haka. Amma saurayin da ya iya Dandanci da Hausa da Faransanci, ya san kowace turba tsakanin Kilir da Taneka, ya san labarinta, yana da sana'a a hannu, sunanta jagaba. Kuma baƙi ba su yi mana nisa ba. Suna wucewa ta cikin garin nan zuwa Natitingu da Bukumbe don ganin gidajen Tata, musamman tun da hukumar UNESCO ta shigar da ɓangaren Benin na ƙasar Kutammaku cikin kayan tarihin duniya a 2023. Suna tsayawa su sha mai su wuce. Lokacin bikin Gani ma jama'a na cika gari don kallon dawaki, washegari kowa ya watse, ba mu ba su dalilin ƙara kwana ba. Duk da haka ni ba don Bature nake wannan magana ba. Ɗan Kano da kakansa ya yi Gwanja, ɗan Kumasi da aka ce masa asalinsu Katsina, ɗan makarantar firamare na Wangara, su ne na fi so in gani a kan turbar.

Sauran maganar tsaro, kuma ba zan ɓoye ta ba. A watan Mayun 2019 an sace Faransawa biyu a gandun dajin Panjari, aka kashe ɗan ƙasarmu da ke yi musu jagora, daga baya kuma sojojinmu suka yi ta rasa rayuka a kan iyakokin Burkina Faso da Nijar. Allah ya jiƙansu, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Don haka babu wanda zai ɗauki jaka ya shiga daji gaba gaɗi. A tafi a ƙungiya, da sanin 'yan sanda, da sanin delege, wato mai gari, na kowane ƙauye, a tsaya a inda hukuma ta ce a tsaya. Fataken da ma haka suke yi, ba su taɓa shiga ƙasar wani ba tare da sun aika gaisuwa gaba ba. Ni dai a ganina hanyar da mutanen kirki suke takawa, ƙauyukanta suka san fuskokin juna, ta fi wuyar shiga ga mugu a kan wadda aka bar wa ciyawa.

Ina roƙon ofishin magajin garin Zugu da na Kopargo, da fadar Kilir, da limamanmu, da shugabannin Zongo, su sa rana su zauna a kan wannan magana kafin hunturu mai zuwa. Dazuzzukan Kilir da Suburuku da Seru da suka rage mana, a kiyaye su, domin mai tafiyar ƙasa inuwa yake nema. Ku kuma masu saurare, wanda duk yake da tsoho ko tsohuwa a gida, daren yau bayan lisha ya shimfiɗa tabarma kusa da su, ya tambaye su ta ina fatake suke shigowa garin nan, a ina suke sauka, wa ke ba su masauki. Ya rubuta, ko ya naɗa a waya, ya kawo mana nan gidan rediyo, za mu karanta wa jama'a.